Dajin Babban Rafi a intanet: a rubuta shi yadda ɗan mai saran itace zai gane

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na kudancin jihar Maraɗi, shekarata ta goma ke nan ina riƙe da alli. Abin da ya sa na yi wannan rubutu wani ɗan abu ne da ya faru a ajina, wanda har yau yake ci mini rai. Muna darasin sanin ƙasa da ƴan ajin CM2, muka zo kan dazuzzukan Nijar, sai na ce bari in kawo musu misali na kusa da gida. Da dare na sa kuɗin intanet a salula, na shiga wani kundin ilimi irin wanda ake karantawa kyauta, na nemo abin da aka rubuta a kan dajin Babban Rafi. Na kwafe sakin layin farko a kaye, da safe na zuba shi a kan allo. Da gangan na cire sunan dajin, don in ga ko za su gane shi da kansu.

Yara suka karanta, kuma Faransancinsu bai ba ni kunya ba. Da na tambaye su wane daji ne wannan, sai aji ya yi tsit. Can wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ko a Kwango ne?" Wannan yaron mahaifinsa mai saran itace ne, a cikin wannan dajin yake samun abin da yake ciyar da su. Shi kansa yaron ya sha bin amalanke zuwa can lokacin hutu, ya san hanyar kamar yunwar cikinsa. Amma da aka kawo masa dajinsu a rubuce, sai ya tura shi Kwango.

Na faɗa musu sunan, aji ya kwashe da dariya. Na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya ina warware musu. Da na zo kan doguwar kalmar nan ta masana tsirrai, Combretaceae, na ce musu dangin sabara da geza da taramniya ake nufi, sai wata yarinya ta ce, "To Mushe, don me ba su ce sabara da geza ba tun farko?" Wallahi ban samu amsar da zan ba ta ba. Daga baya na nemi bayanin da Hausa, abin da na tarar ya fi na Faransancin ɗaure kai. An bi kalma bayan kalma an juya, maganar ta tashi ba ta Bahaushe ba, ba ta Bature ba.

Ra'ayina a nan ɗaya ne. Bayanin daji a kundin ilimi bai kammala ba sai wanda ke zaune a bakin dajin ya karanta ya gane wurin da ake nufi, ya kuma tashi da sanin abin da ya halatta gare shi a ciki da abin da aka hana shi. In bayanin bai kai nan ba, to da sauran aiki, ko da kowace kalma da ke cikinsa gaskiya ce.

Kada wani ya ce wannan surutun malamin da ya rasa abin yi ne. Babban Rafi yana kudu maso yammacin birnin Maraɗi, cikin gundumar Madarunfa, ya dangana da iyakar Najeriya. Yana cikin manyan dazuzzukan da suka rage mana a jihar. Itacen girki mai yawa da ke shiga Maraɗi daga can yake fitowa. Makiyaya na kai dabbobinsu, mata na tsintar ganyen miya da ƴaƴan itace, masu maganin gargajiya na neman saiwa da ɓawo. Akwai shekarun da giwaye ke ƙetarowa daga Najeriya suna zama a cikinsa, tsofaffi har yanzu suna ba da labarin yadda suke shiga gonaki. A ƴan shekarun nan kuma, in ka ji sunan dajin a rediyo, yawanci tare da maganar ƴan bindiga ne da satar shanu da garkuwa da mutane. Yaron da ke da shekara 12 yau, tsoron dajin ya fi saninsa yawa a ransa. Idan ya je neman ilimi a kansa ya ci karo da bangon kalmomi, me ya rage masa?

Kuma mu faɗi gaskiya, makarantunmu na karkara ba su da ɗakin karatu. Salula ita ce ta zama laburarenmu. Malamin da ke shirya darasi, ɗalibin kwaleji da aka ba aikin gida, ɗan jaridar rediyon karkara, kansilan da za a tattauna maganar daji a gabansa, duk abin da ya fara fitowa a salula shi suke ɗauka. Shafi ɗaya mai duhu yana iya rikita mutum dubu. Shafi ɗaya mai haske kuma yana iya yin aikin da taron faɗakarwa goma bai yi ba.

Bari in kawo misalin da ya fi damuna, don a ga cewa maganar ta wuce daɗin karatu. Dokar daji ta Nijar, mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga watan Yuni 2004, ta raba dazuzzukan hukuma gida biyu. Akwai wanda ake kira "forêt classée", akwai wanda ake kira "forêt protégée". Duk wanda ya ji kalmar "protégée" zai ɗauka a nan aka fi tsanantawa, tunda ma'anarta abin da aka kare. Alhali akasin haka ne. A daji "classée", wato gandun da hukuma ta keɓe da takarda ta yi masa iyaka, haƙƙin da al'ada ta ba mutanen kewaye ɗan kaɗan ne: tsintar busasshen itace, sarar ƙotar kayan noma, ɗibar ƙaro, ƴaƴan itace, da tsirran ci da na magani. A daji "protégée" kuwa, doka ta amince da haƙƙin noma da kiwo da tsinta irin na al'ada, sai dai buɗe sabuwar gona da saran itace don sayarwa suna buƙatar izini. Takardun masana da dama da wannan suna na biyu suke kiran Babban Rafi.

To idan mai fassara ya rubuta "dajin da aka kare" ya wuce abinsa, me ya yi? Ya sallami mai karatu da akasin gaskiya. Wani zai ɗauka komai haramun ne, matarsa ta riƙa tsintar ganye tana waige kamar ɓarauniya, in wani ya yi mata barazana ta biya abin da doka ba ta ɗora mata ba. Wani kuma, da ya ji an ce ai ba gandu ba ne, sai ya ɗauka ba doka ko ɗaya, ya shiga sara ba izini, ya rasa gatarinsa da amalankensa. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Layi biyu na bayani sun isa su raba wannan gardama, amma sai an samu marubucin da ya tuna cewa akwai talaka a cikin masu karatunsa.

Yaya ake gyara irin wannan rubutu? Ni ba masanin daji ba ne. Abin da na koya a makarantar horar da malamai shi ne yadda ake ɗaukar abu mai nauyi a miƙa shi ga ƙaramin hannu ba tare da ya zube ba, kuma ina ganin shi ake buƙata a nan.

Abu na farko shi ne jeri. A ƙa'idar koyarwa, daga abin da yaro ya sani ake tafiya zuwa abin da bai sani ba. Yawancin bayanan daji da na gani sun juya wannan ƙa'ida. Suna buɗewa da lambobin taswira, da sunan yankin yanayi, da irin ƙasar wurin a harshen masana, sai can ƙasa, in mai karatu bai gaji ba, ya tarar da mutane. Sakin layin farko ya kamata ya amsa tambayoyin da baƙo zai yi maka a tasha: a ina yake, me ke cikinsa, su wa ke cin moriyarsa, wane hali yake ciki yanzu. Lambobin taswira suna da amfani, a ajiye su a gefe ga mai bukata. Har rubutun sunan ma a kula da shi. Mu muna cewa Babban Rafi, takardun Faransanci suna rubuta Baban Rafi. A sa duka biyun, don wanda ya nema da kowanne ya samu.

Abu na biyu shi ne sunayen itatuwa. A fara da sunan da mutane ke kira, sannan na kimiyya ya biyo baya. Sabara ita ce Guiera senegalensis, geza ita ce Combretum micranthum, taramniya Combretum glutinosum, kalgo Piliostigma reticulatum, ƙirya Prosopis africana, danya Sclerocarya birrea, aduwa Balanites aegyptiaca. Da ka ce geza, mai karatu ya ga itacen a idonsa, ya tuna kwandon da ake saƙawa da rassanta. Da ka ce kalgo, uwa ta tuna igiyar ɓawonsa, makiyayi ya tuna ƴaƴansa da awaki ke ci. Sunan Latin shi kaɗai ba ya tayar da komai a zuciyar mutumin Madarunfa. Amma ban ce a jefar da shi ba, don yana da aikin da babu mai yi sai shi. Itacen da wani ke kira dogon yaro, wani na ce masa bedi, wani darbejiya, wani maina. Bafulatani da Bazabarme kuma kowa da nasa suna. Idan aka rubuta Azadirachta indica a gefe, gardama ta ƙare. Sunan gida ya shiga gaba, na kimiyya ya tsaya bayansa a matsayin shaida.

Abu na uku shi ne lissafi. Ana zuba wa mai karatu hekta da milimita kamar kowa ya san su. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi, kuma hekta 100 ita ce murabba'in kilomita ɗaya. Ɗauki gandun Gadabeji da ke arewacin jiharmu, wajen Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955. Ana rubuta cewa hekta 76,000 ne. Wa ya ga girman wannan a ransa? Amma in ka ce da za a mayar da shi fili mai kusurwa huɗu daidai, kowane gefe zai kusan kai kilomita 28, wato mai tafiya a ƙasa zai yi sama da awa 5 kafin ya ratsa shi, to ka ba mutum abin riƙewa. Haka ruwan sama. A kudancin Maraɗi ana samun wajen milimita 600 a damana mai kyau. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta zuba a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi. Ke nan milimita 600 daidai take da bido 24 masu lita 25 a kan ɗan wurin da bai kai shimfiɗar tabarma ba. Ranar da na faɗa wa yara haka, sai da suka buɗe baki, don kowannensu ya san nauyin bido a ka. Akwai kuma ma'aunin itacen da Faransanci ke kira "stère". Tarin itace ne mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Mai sara ya san shi da ido, amma ɗansa da ke lakwal bai taɓa haɗa kalmar da tarin da ke gaban gidansu ba.

Abu na huɗu, a faɗi wanda ya yi abu. Masana na da wasu kalmomi masu lulluɓe magana, irin su "pression anthropique", wato matsin da ɗan Adam ke yi wa daji. Wane ɗan Adam? Me ya yi? Jama'a ta ƙaru, gonaki suna cin bakin daji. Birni ya faɗaɗa, kowane gida na son itacen girki. Wasu makiyaya na sassare rassa don dabbobi a ƙarshen rani. Gobarar daji na tashi. Fari irin na 1973 da na 1984 ya kashe itatuwa masu yawa a ƙasar nan. Idan aka jera su haka, mai karatu zai ga inda hannunsa yake a ciki, da inda ba laifinsa ba ne. Idan aka dunƙule su a kalma ɗaya, kowa sai ya ɗauka da wani ake.

Abu na biyar, a bayyana yadda dajin ke rayuwa da yadda ake tafiyar da shi. Sabara da geza in an sare su ba sa mutuwa, kututturen na sake toho, muddin an yi saran yadda ya dace kuma an bar tohon ya yi ƙarfi kafin dabbobi su cinye shi. A kan wannan hali na itatuwan aka gina tsarin raba daji kashi-kashi, a sari wani kashi bana, a bar shi ya huta shekaru kafin a dawo kansa. A kansa ne kuma aka kafa kasuwannin itace na karkara bayan dokar 1992, inda mutanen ƙauye ke haɗa ƙungiya, a ƙayyade musu yawan itacen da za su sara a shekara, su sayar wa masu motoci a bakin dajin, harajin da aka karɓa kuma a raba shi tsakanin ƙungiyar ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmalin ƙasa. Akwai irin waɗannan kasuwanni a kewayen Babban Rafi. Mutumin da bai san cewa ƙauyensu na da kaso a wannan kuɗi ba, yaya za a yi ya tambayi inda kuɗin ya shiga?

Wannan tohon kututture dai shi ne tushen abin da manomanmu ke kira sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana gyara shi maimakon a tumɓuke. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗa dabarar a jihar Maraɗi tun 1983, manoma suka karɓe ta suka mayar da ita tasu, har masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Manomin da ke da itace a gonarsa ba ya yawan damun daji. Bayanin dajin Maraɗi da ya lissafa ɓarna kaɗai, bai ambaci wannan ba, ya faɗi rabin labari ne, kuma rabin da ke kashe gwiwa.

Don kada a ce na iya suka ban iya gyara ba, ga abin da na rubuta wa ajina a mako na gaba: "Babban Rafi daji ne da ke kudu maso yammacin Maraɗi, cikin gundumar Madarunfa, a kan iyakar Nijar da Najeriya. Yawancin itatuwansa gajeru ne masu sake toho bayan sara, kamar sabara da geza da taramniya. Daga cikinsa ake kai itacen girki Maraɗi, kuma makiyaya da mutanen ƙauyukan kewaye suna samun kiwo da abinci da magani a cikinsa. Tsintar amfanin gida halal ne ga mazauna kewaye, amma saran itace don sayarwa da buɗe sabuwar gona sai da izini. Dajin na raguwa saboda faɗaɗar gonaki, da yawan sara, da fari." Ban kai ƙarshe ba yaron nan na Kwango ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, kun manta da kalgo, ai ya fi taramniya yawa ta wajenmu." Kun ga bambancin ke nan. Rubutun farko ya rufe masa baki. Na biyu ya sa shi gyara malaminsa.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma wasunsu na da hujja. Wani abokina da ya karanta ilimin daji ya ce mini duk wanda ya sauƙaƙa magana sai ya zubar da wani abu daga cikinta. Ban musa masa ba, don ni kaina na faɗa ramin. A rubutuna na farko cewa na yi "an hana saran itace a dajin", don jimlar ta yi gajarta, alhali ba haka doka ta ce ba. Shi ne ya kama kuskuren. Amma darasin da na ɗauka shi ne malami da masani su zauna tare, ɗaya ya tsare gaskiyar maganar, ɗaya ya tsare hanyar isar da ita. Mu da muka tashi muna sauraron tafsiri cikin azumi mun san wannan tsari. Mai jan baƙi na karanto nassi yadda yake, malam na warware shi da Hausar da tsohuwa da ɗan kasuwa za su gane, kuma ba wanda ya taɓa cewa warwarar ta rage wa nassin daraja. Wanda ya fi sanin abu shi ya fi iya faɗinsa a sauƙaƙe. Sau da yawa manyan kalmomi maɓoya ce ga wanda ya kwafo abin da shi ma bai gane ba.

Wani kuma zai ce kundin ilimi na duniya ne duka, ba na mutanen Madarunfa kaɗai ba. Haka ne. Amma likitan da ke Yamai, da ɗan kasuwar da ke Kano, da ɗalibin da ke Faransa, in dai ba daji suka karanta ba, su ma a wurin da yarana suka tsaya za su tsaya. Masani yana da mujallunsa da tarukansa. Kundin ilimi don sauran jama'a aka yi shi. Rubutun da ɗan aji shida ya gane, farfesa ma zai gane shi, ba abin da ya rasa.

Hujja ta uku ta fi nauyi. Kundayen ilimi irin su Wikipedia, wadda ta fara a 2001 kuma take da sashen Hausa, suna sharɗanta cewa abin da za ka rubuta ya kasance yana da madogara a rubuce. Ilimin tsofaffinmu kuwa a baki yake. Tsohon da ya san inda giwaye ke shan ruwa, da itatuwan da suka ɓace daga dajin a zamaninsa, bai rubuta littafi ba. Ni ina goyon bayan wannan sharaɗi, don in aka buɗe ƙofa kowa ya zuba abin da ya ji a majalisa, jita-jita za ta cinye gaskiya. Mafita ita ce a fara mayar da ilimin baki rubutacce. Ƴan jarida su je su yi hira da waɗannan tsofaffi su buga, rediyoyin karkara su adana shirye-shiryensu. Akwai kuma bincike mai yawa da ɗalibai da malaman jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi suka yi a kan dazuzzukan nan. Madogara tana nan, masu juya ta zuwa harshen jama'a ne suka yi ƙaranci. Kuma a yi da sauri, don duk shekara ana rufe wasu daga cikin tsofaffin da abin da ke kansu.

Akwai kuma masu cewa, Malam, da wane lokaci, da wane kuɗin intanet? Wannan ni ma ina cikinta, na san yadda albashi ke ƙarewa tun wata bai raba ba. Amma ban ce kowa ya rubuta littafi ba. Sakin layi ɗaya ne. Ka gyara buɗewar shafi ɗaya, ka ƙara sunayen Hausa na itatuwa biyar, ka warware kalmar doka ɗaya. Aikin dare ɗaya ne, amfaninsa kuma zai daɗe bayanka.

A watan Maris na 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Tun 1973 kuma ake gwada koyarwa da harsunan gida a ƙasar nan, an fara daga Damagaram. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan aji ya san babbar matsalar: yaro ya iya karatu, amma abin karantawa babu. Matsayin harshe a takarda ba ya cika wannan giɓi. Abin da zai cika shi shi ne ranar da yaro zai nemi dajinsu, ko tafkin Madarunfa, ko gulbin Maraɗi, ya samu bayani ingantacce da Hausa mai daɗin ji, wadda aka yi tunaninta da Hausa tun farko. Idan muka bar wannan aiki ga na'urar fassara da wanda bai taɓa ganin geza ba, kada mu yi kuka da abin da za mu tarar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka ina kira ga ƴan uwana malamai, musamman waɗanda ke koyarwa a ƙauyukan bakin daji. Kowace shekara ranar 3 ga watan Agusta ana dasa itatuwa a faɗin ƙasar nan, kuma abu ne mai kyau da addininmu ma ya kwaɗaitar a kansa. Mu ƙara abu ɗaya a kai. Kafin a tafi babban hutu, kowane aji ya tattara sunayen itatuwan da ke kewaye da shi, yara su tambayi iyayensu amfanin kowanne, malami ya nemi jami'in gandun daji na yankin ya duba masa sunayen kimiyya da maganar doka. Abin da ya tabbata kuma yake da madogara, a kai shi inda duniya za ta karanta. Jami'an gandun daji su ma su sani cewa wannan sauƙi ne gare su, don mutumin da ya fahimci doka ya fi daɗin sha'ani a kan wanda tsoro kaɗai ke riƙe da shi. Masu rubuta kundin ilimi kuma, kafin ku saki shafi, ku karanta wa wani na gida da bai yi dogon karatu ba. Inda ya ce "me ke nan?", nan ne aikinku yake.

Yaron nan da ya ce Kwango bana zai rubuta jarrabawar shiga kwaleji. Kwanan baya ya kawo mini takarda da sunayen itatuwa 31 da shi da mahaifinsa suka lissafa, wasu ban taɓa jin sunansu ba, biyu daga ciki mahaifin ya ce rabonsa da ganinsu a dajin tun yana saurayi. Takardar tana cikin kayena, ina bin sunayen ɗaya bayan ɗaya ina neman na kimiyyarsu. Allah Ya ba mu zaman lafiya a dazuzzukanmu da ƙauyukanmu, Ya sa abin da muka rubuta ya amfani na baya.